Waƙar da ta cika gari, amma babu wanda ya ƙirga ta

A makonnin da suka kewaye ƙaramar Sallar 2020, lokacin da dokar kulle ta annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, waƙa ɗaya ta mamaye ƙasar Hausa. Sunanta "Jarumar Mata", mai ita kuma Hamisu Breaker, matashi ɗan unguwar Ɗorayi a Kano. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna taka rawarta a gaban mazajensu suna sakawa a Instagram da Facebook, malamai suka yi ta jan kunne a kai, kafafen labarai na gida da na waje suka ɗauki zancen. Mai son waƙar da wanda ya ƙi jininta sun haɗu a kan abu guda: a wannan lokacin babu wadda ta kai ta tashe. Amma da za a tambaya yau mutum nawa suka saurare ta, makonni nawa ta yi tana kan gaba, gidajen rediyo nawa suka sa ta, kuma nawa ya kamata ta kawo wa waɗanda suka yi ta, babu ofishi ɗaya a Abuja ko Kano da zai iya fito da takarda. Abin da ake da shi kawai shi ne lambar da ke ƙarƙashin bidiyonta a YouTube, wadda ba ta san da wanda ya karɓi waƙar daga wayar abokinsa ba.

Wannan giɓi al'amari ne na arziki da na haƙƙi, kuma wani ɓangare nasa yana kan teburin ma'aikatan tarayya. Waƙar Hausa tana da kasuwa daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi da Damagaram zuwa zangunan Kumasi da Akara, har Sudan da Saudiyya. Sai dai kasuwa ce da ba ta da mudu, kuma inda babu mudu mai ƙarfi ne ke yanke farashi. Muddin ba a samar da hanyar ƙirga abin da jama'a ke saurare ba, duk alƙawarin da ake yi na bunƙasa tattalin arzikin fasaha zai tsaya a Legas, ya bar mawaƙin Arewa da abin da ya saba: liƙi a gidan biki da jiran kiran ɗan siyasa.

A dubi yadda irin wannan labari ya ƙare a wata ƙasa. A 2002 wasu samari a gefen birnin Sheffield na Ingila suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Arctic Monkeys. Ba su da babban kamfani a bayansu. Sukan naɗi waƙoƙinsu a faifan CD su raba kyauta ga waɗanda suka zo kallonsu a ƙananan wuraren wasa, masoyan kuma suka riƙa ɗora su a intanet suna tura wa juna. Tun kafin wani kamfani ya ɗauke su, jama'a sun haddace baitocin. A 2005 suka sa hannu da Domino, kamfani mai cin gashin kansa da ba ya cikin ƙattin da suka riƙe kasuwar. Ranar 17 ga Oktoban shekarar aka fitar da waƙarsu "I Bet You Look Good on the Dancefloor", a ƙarshen makon kuma ta hau mataki na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Kundinsu na farko, wanda ya fito a Janairun 2006, ya sayar da kwafi sama da 360,000 a mako guda, abin da babu wani kundin farko da ya taɓa yi a ƙasar kafin nan. A 2012 sun rera waƙar a bikin buɗe gasar Olamfik a Landan.

Rabin farko na wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san yadda waƙa ke yawo a Arewa: ƙaramin wuri, kayan aiki kaɗan, sai hannu zuwa hannu. A rabi na biyu ne hanyoyin suka rabu. A Birtaniya akwai wanda ke ƙirgawa, kuma kowa ya yarda da ƙirgensa. Da lambar ta fito, mai gidan rediyo ya san abin da zai sa, mai shirya taro ya san nawa zai biya, mai shago ya san nawa zai saro, su kuma samarin suka shiga kowane ciniki da hujja a hannu. Farin jinin da a jiya zance ne na bakin titi ya zama abin da lauya zai iya rubutawa a yarjejeniya.

Abin lura kuma shi ne ƙirgen bai fara da wata babbar na'ura ba. A 1952 wani ma'aikacin jaridar kiɗa ta New Musical Express, Percy Dickins, ya riƙa buga waya ga shagunan faifai kusan 20 yana tambayar abin da suka fi sayarwa. Ranar 14 ga Nuwamban 1952 jaridar ta buga jadawali na farko. Da aka ga manyan kamfanoni na danne ƙanana, sai a 1980 aka fito da jadawali na daban domin masu cin gashin kansu. Da sauraro ya koma intanet, a 2014 aka shigar da shi cikin lissafi. Wato ma'aunin ne ya riƙa bin mai sauraro duk inda ya koma, ba a zauna jiran mai sauraro ya zo inda ma'aunin yake ba.

Arewa ma tana da irin waɗannan waƙoƙi da suka canza alƙiblar sana'a. Finafinan bidiyo na Hausa sun fara ne da "Turmin Danya" a Kano a 1990, amma sai a ƙarshen shekarun nan, da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin birnin, irin na Iyan-Tama, kiɗan fim ya sami sabuwar murya. Mutum ɗaya a gaban fiyano ya zama yana iya fitar da amon da ke kama da na kalangu da sarewa da ganga, aikin da a da sai an tara makaɗa. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da "Sangaya", wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed suka fito a ciki, waƙarsa kuma ta bazu a kaset daga Kasuwar Ƙofar Wambai zuwa motocin haya da gidajen biki. Masu nazarin masana'antar, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun daɗe suna nuna cewa daga nan ne waƙa da rawa suka zama abin da ke sayar da fim. A wannan shekarar Alhaji Mamman Shata ya rasu, a wannan shekarar kuma aka fara jin sunan Kannywood. Shekara ce da wani zamani ya miƙa wa wani sanda. Amma kaset nawa "Sangaya" ta sayar, na halas da na satar fasaha? Kowa da adadin da yake faɗa, domin babu wanda aikinsa ne ya rubuta.

Ciwon bai tsaya a Arewa ba. "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, wadda kamfanin EMI ya ƙi karɓa, ƙaramin kamfanin Rogers All Stars na Onica ya fitar da ita a 1976. Ana yawan cewa ta sayar da kwafi miliyan 13, amma ƙiyasi ne, domin babu hukumar ƙirge a ƙasar a lokacin. Bambancin shi ne Kudu ta fara maganin nata ciwon. A ƙarshen 2020 kamfanin TurnTable ya fara fitar da jadawalin waƙoƙin Najeriya na mako-mako, Spotify ya shigo ƙasar a 2021, a 2022 kuma Billboard ta buɗe jadawali na musamman domin kiɗan Afrobeats a Amurka. Waɗannan ci gaba ne na gaske. Sai dai suna ganin abin da ya bi ta intanet ne da abin da na'urorin sa ido kan rediyo suka kama. Waƙar da ta bi wata hanya, a wurinsu kamar ba ta wanzu ba.

Domin a ga wannan hanyar, ba sai an je nesa ba. Ma'aikacin Abuja ya san Maikunkele a matsayin garin da filin jirgin saman Minna yake, wataƙila kuma ya san shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso, a kan titin da ya nufi Zungeru. Gari ne na Gbagyi da Hausawa da Fulani da Nupawa, inda Hausa ce harshen ciniki. A irin wannan gari, kamar a kowane garin Arewa, waƙa takan iso ne ta hannun mai tura waƙoƙi: saurayi mai tebur da kwamfuta, sau da yawa a gefen shagon cajin waya, wanda ke cika wa mutane memori da waƙa da fim a kan kuɗi kaɗan. Shi kaɗai ya sayi data ya sauke waƙar sau ɗaya. Daga teburinsa ta shiga wayoyi da dama, daga kowace waya ta tsallaka zuwa wasu ta Xender ko Bluetooth, ta hau lasifikar mai Keke Napep, ta shiga ɗakin amarya, ta je rugar da ko sabis babu. A lissafin kamfanin intanet, mutum ɗaya ne ya saurare ta.

Mai tura waƙar nan shi ne shagon faifan wannan zamani, kuma ya fi kowa sanin abin da ke tashe a garinsu, domin da baki ake zuwa a tambaye shi. Yau ana kallonsa ko dai a matsayin ɓarawon fasaha ko kuma ba a ganinsa sam. Bai biya mawaƙi ko kwabo ba, wannan gaskiya ne. Amma ba a taɓa shimfiɗa masa hanyar biya mai sauƙi da ta dace da jarinsa ba, kuma da za a kore shi gobe, waƙar Hausa ce za ta rasa ƙafar da take tafiya da ita.

Sakamakon wannan rashin ma'auni a bayyane yake ga duk hadimin da ya taɓa shirya taron siyasa. Waƙar Hausa ta taso ne a inuwar iyayen gida: Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo yana da sarakunansa, Shata yana da attajirai da masu mulkin da ya wasa. Wannan tsari ya haifar da fasahar da har yau ake nazarinta a jami'o'i. Amma mawaƙin da abincinsa ke hannun mutum ɗaya, bakinsa ma yana hannun wannan mutumin. Fiyano da kwamfuta sun rage tsadar yin waƙa har ya zama yaro daga Ɗorayi zai iya isa ga miliyoyi ba tare da izinin kowa ba. Da kasuwa tana biya, da wannan 'yanci ya tabbata. Da yake ba ta biya, hanyar arziki mafi sauri ga mai murya ita ce ya jira kakar zaɓe. Masu kukan cewa mawaƙan zamani sun koma 'yan amshin shatan masu mulki su tambayi kansu wace ƙofa ce kuma aka bar musu a buɗe.

Akwai kuma waɗanda ba a ko ambatar sunansu. Kowace waƙa tana da wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya buga kiɗa, da mai amshi, wadda sau da yawa mace ce, da wanda ya tace sauti. Al'adar situdiyo ita ce a sallame su a ranar aiki, shi ke nan. Idan waƙar ta mutu a mako guda, babu wanda ya yi asara. Idan ta rayu shekara 20, su ne suka yi asara. Mawaƙin da ya yi suna yana iya fanshewa a wasan Sallah da gidajen biki. Makaɗin da ya ƙirƙiro amon da kowa ke gane waƙar da shi ba shi da wannan dama.

Doka kuwa ba ita ce ta yi ƙaranci ba. A Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta tanadi hanyar sa a cire kayan sata daga intanet, ta kuma kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Shata suna da kariya har 2069. Tun 2012 akwai umarnin karɓar wani kaso daga kayan da ake kwafar fasaha da su domin a raba wa masu haƙƙi. A 2023 an kafa ma'aikata ta musamman domin al'adu da tattalin arzikin fasaha ƙarƙashin Hannatu Musawa, wadda ta sa burin sashen ya kawo dala biliyan 100 nan da 2030. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600. Amma duk kuɗin da za a raba, da wani ma'auni za a raba shi. Idan ma'aunin da ke hannu shi ne na sauraron intanet kaɗai, to rabon zai bi inda data ta fi araha a aljihun mutane, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. Wanda ba ya cikin lissafi ba ya cikin rabo.

Za a ce gwamnati tana da abin da ya fi wannan muhimmanci, musamman a jihar da ke fama da 'yan bindiga kamar Neja. Haka ne. Sai dai abin da ake nema a nan ba sabon kasafi ba ne, aiki ne da hukumomin da ake da su suka riga suka karɓi albashinsa. Kuma sana'ar da ke riƙe da matasa a situdiyo da teburin tura waƙa da shagon gyaran lasifika ba ta rabu da zancen tsaro ba. Wasu kuma za su ce kiɗa abu ne da suke ƙyama saboda addini, bai kamata hukuma ta sa hannu a ciki ba. Ra'ayi ne da ke da mabiya, kuma ba a raina shi. Amma ƙirge ba yabo ba ne. Ma'aunin da zai auna waƙar soyayya shi ne zai auna ƙasidar sha'iri mai begen Manzon Allah (SAW), wadda ita ma ake kwafarta kyauta. Hana ma'aikaci ladan guminsa kuwa babu mazhabar da ta halatta shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na siyasa. Idan gwamnati ce ke fitar da jadawali, to ranar da waƙar adawa ta hau sama za a ga an daina bugawa, ko kuma waƙar yabon mai gida ta zauna a mataki na ɗaya har ƙarshen wa'adinsa. Wannan tsoro yana da tushe. Saboda haka bai kamata wata ma'aikata ta riƙe jadawalin ba. A Birtaniya ma masu sana'ar ne suka mallake shi, kamfanonin faifai da masu sayarwa. Aikin hukuma shi ne ta tilasta a fito da bayanai, ta bar wasu su yi lissafi a fili.

Abubuwa huɗu za su isa a fara. Na ɗaya, Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta wajabta wa kowane gidan rediyo ya riƙa miƙa jerin waƙoƙin da ya sa a kowane wata, da sunan waƙa da na mai ita, a kuma buɗe jerin ga jama'a. Na biyu, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta zauna da ƙungiyoyin masu tura waƙa ta ba su lasisi mai rahusa na shekara, bisa sharaɗin su riƙa ba da rahoton waƙoƙi goma da aka fi nema a wurinsu kowane mako. Na uku, a sauƙaƙa rajistar waƙa, a yi ta da Hausa kuma ta waya, ta ƙunshi sunan marubuci da makaɗi da mai amshi, domin ranar da kuɗi ya zo a san masu shi. Na huɗu, a bar haɗa lissafin ga kwamitin mawaƙa da masu situdiyo da gidajen rediyo, wata jami'a kuma ta riƙa binciken sahihancinsa.

Ƙaramar hukumar Bosso wuri ne da ya dace da gwaji. Tana kusa da Abuja, tana da ƙauye da birni, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikinta da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano da gidan rediyonta na Search FM. Kuma da yake ba tsakiyar ƙasar Hausa ba ce, abin da aka gani a can zai nuna iyakar inda waƙar ke kaiwa, ya kuma fito da mawaƙan Gbagyi da na Nupe waɗanda su ma babu mai ƙirga su. Masu tura waƙa 20 daga Maikunkele zuwa cikin Minna, da ɗalibai kaɗan masu kiran waya duk Juma'a, sun kai abin da aka fara da shi a Landan a 1952. Za a yi kuskure, wasu za su yi ƙoƙarin sayen matsayi, kamar yadda aka sha yi a can. Maganin wannan shi ne a yawaita majiyoyi a kuma buga hanyar lissafin kowa ya gani.

Hadimin da ke rubuta wa minista jawabi a kan arzikin fasaha, da daraktan da ke tsara yadda za a raba tallafi, suna da tambaya ɗaya da ya kamata su riƙa yi kafin su sa hannu: wannan adadi daga ina ya fito, kuma wa ya bari a waje? "Sangaya" ta wuce ba a ƙirga ta ba, "Jarumar Mata" ma haka. Wadda za ta gaje su tana nan tafe, wataƙila ana haɗa kiɗanta yanzu a wani ɗaki a Kano ko Kaduna ko Minna. Ko masu ita za su ci moriyarta ya danganta ne da shawarar da za a yanke a ofisoshin da ba a jin kiɗa a cikinsu.